Kwanon tangaran a cikin obin na gas: inda haɗarin yake

Akwai wata magana da take yawo a tsakanin masu gashi a gida, cewa kwanon tangaran ba ya jituwa da obin mai aiki da gas ɗin furofen, wato wani nau'in gas na girki da ake ɗurawa a tukunyar gas, wai ko ba daɗe ko ba jima sai ya dare gida biyu. Maganar ba ta rasa tushe ba, domin lallai kwanuka da yawa sun ƙare a cikin irin wannan obin, sai dai a ganina an ɗora laifin inda bai dace ba. Gas ɗin kansa ba ya yi wa tangaran komai, yawan zafin da obin ɗin girki ke kaiwa ma bai isa ya razana shi ba. Abin da ke karya shi shi ne zafin da ya faɗo masa farat ɗaya, ko wanda ya taru a gefe guda ya bar sauran jikin da sanyi, kuma yadda aka ƙera obin na gas ya sa waɗannan abubuwa biyu suna saurin aukuwa idan mai gashi bai lura ba.

Tangaran ɗin da nake nufi shi ne mai kauri da nauyi, wanda ake gasa burodi, kek, nama ko kayan lambu a cikinsa. Da yumɓu ake yin sa, amma ya sha bamban da tukunyar ƙasa, wadda ake gasawa da zafin da bai cika wuce digiri 1,100 a ma'aunin Salsiyos ba, ta fito da ƙananan kafofi masu shan ruwa. Shi wannan ana kai shi digiri 1,200 zuwa 1,300 a tanderun magina, har wani sashe na yumɓun ya narke ya cike kafofin, idan ya huce sai ya yi taurin dutse, ruwan da yake sha kuma ya zama kaɗan ƙwarai. Abin da ya fito lafiya daga wuta irin wannan, ba digiri 180 ko 220 ne zai narkar da shi ba. Duk da haka masu ƙera shi suna sa masa iyaka. Kamfanin Le Creuset na Faransa, alal misali, ya ce tangaran ɗinsa yana ɗaukar zafi har digiri 260, wasu kamfanonin kuma suna tsayawa a wajen 230. Wannan iyaka tana da ma'ana, domin duk lokacin da zafin obin ya ƙaru, tazarar da za a iya samu tsakanin sashen kwanon da ya yi zafi da wanda bai yi ba ita ma ƙaruwa take yi.

Kusan kowane abu mai tauri yana ɗan buɗewa idan ya ji zafi, ya tsuke idan ya huce. Kwanon alminiyam yana isar da zafi cikin jikinsa da sauri, ya ninka tangaran fiye da sau 100 a wannan fanni, saboda haka duk jikinsa ke buɗewa kusan a tare, idan ma abin ya yi masa yawa sai dai ya ɗan lanƙwashe. Tangaran kuwa a hankali zafi ke ratsa shi, kuma bai san lanƙwasa ba. Idan gindinsa ya yi zafi ya nemi buɗewa alhali bakinsa da gefunansa suna nan da sanyi, sai sashe ɗaya ya riƙa turawa, ɗayan yana riƙewa. Gasasshen yumɓu yana da juriya matuƙa idan danna shi ake yi, amma yana da rauni idan jan sa ake yi, don haka sashen mai sanyi, wanda shi ake ja, shi ke fara tsagewa, kuma galibi tsagar takan soma ne daga wata 'yar ƙwarzana ko ɓantarewa da ta daɗe a bakin kwanon ba wanda ya kula da ita. Wannan jinkirin ɗaukar zafi ne kuma ya sa muke son tangaran tun farko, tunda ba ya saurin ƙona gindin abinci, yana riƙe zafi ya rarraba shi daidai, abinci ya iso gaban masu ci da ɗuminsa.

Duk mai irin wannan obin ina ba shi shawara, wata rana ya bari ya huce sarai, ya rufe gas daga tukunya, ya ciro ragogin ƙarfen, ya durƙusa ya leƙa ciki da tocila. A ƙasa zai ga wani faffaɗan farantin ƙarfe marar kauri, a gefunansa ko kusurwoyinsa akwai ramuka ko dogayen kafofi. Ta cikinsu zai hango wani bututu mai jerin ƙananan huji, daga nan ne harshen wuta ke fitowa. Tazarar da ke tsakanin bututun da farantin ba ta da yawa, musamman a ƙananan obin irin na motocin da ake kwana a cikinsu, da na jiragen ruwa, da na matsattsun ɗakunan girki. Harshen wutar furofen kuwa yana iya kusantar digiri 2,000. Saboda haka a daidai lokacin da ma'auni ke nuna iskar cikin obin tana 180, tsakiyar farantin nan da ke saman wuta ta wuce haka nesa ba kusa ba, kuma a obin da ya sha aiki za a ga fentin wurin ya sauya launi ko ƙarfen ya ɗan karkace. Bugu da ƙari, na'urar daidaita zafi ba ta riƙe wutar a mataki guda. Tana ɗaga ta idan zafi ya sauka, ta rage ta ko ta kashe idan ya kai inda aka saita, kuma duk buɗe ƙofar da aka yi sai wutar ta sake tashi da ƙarfinta.

Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya bukatar dogon bayani a kan inda zai ajiye kwanonsa. Tangaran ba ya zama a kan farantin ƙasa, ko na minti ɗaya, ko da ragar sama ta cika. Wurinsa ragar tsakiya, a ƙaramin obin ma gara a ɗaga ta mataki ɗaya sama, a bar tazarar santimita uku zuwa biyar tsakanin kwanon da bangon obin ta kowane ɓangare, domin iska mai zafi da ke tasowa ta gefuna ta samu hanyar kewaye shi. Kwanon da ya cika raga daga bango zuwa bango yana tare zafi a ƙarƙashinsa, gindinsa ya yi ta gasuwa, samansa kuma yana jiran zafin da ba ya isowa. Akwai wani wurin da ake mantawa da shi, wato aljihun da ke ƙasan obin. A obin na gas da yawa wannan aljihu ba ma'aji ba ne, wurin babbaka ne, harshen wuta yana saman kansa kai tsaye, kuma duk tangaran ɗin da aka ɓoye a ciki yana shan wuta duk lokacin da aka kunna obin. Ɗora shi a kan murhun sama kuwa, don ɗumama miya ko narkar da man shanu, wannan hanya ce mafi sauri ta rabuwa da shi. Akwai tukwanen yumɓu da aka yi musamman don zama a kan wuta, amma haɗin yumɓunsu daban ne, kuma sukan zo da rubutu da ke faɗin haka.

Tambayar da ta fi raba kan masu gashi ita ce ko a sa kwanon a obin mai sanyi su yi zafi tare, ko a jira obin ya kai zafinsa. Su kansu masu ƙera kwanukan bakinsu bai zo ɗaya ba, don haka takardar da ta zo da kwano ita ce ke gaba da ra'ayin kowa, har da nawa. Amma ga yadda nake kallon lamarin. Kwanon da aka yi a masana'anta, wanda shi da abincin da ke cikinsa suke da ɗumin ɗaki, yakan shiga obin da ya riga ya yi zafi ba tare da matsala ba. Wanda ya fito daga firji ya kamata ya zauna a waje na minti 20 zuwa 30 sanyinsa ya karye. Wanda ya fito daga firiza kuwa bai kamata ya ga obin mai zafi ba ko kaɗan: ko dai a bari abincin ya saki a cikin firji tukuna, ko a sa shi a obin mai sanyi. Sai dai farawa da obin mai sanyi yana da nasa tarkon a obin na gas, domin a mintunan farko ne wutar ke ci da dukkan ƙarfinta ba ta sassautawa, zafin da ke tasowa daga ƙasa ya fi na kowane lokaci tsanani. Shi ya sa idan zan fara da sanyi nakan ɗaga raga sama, in saita zafi ƙasa-ƙasa, wajen digiri 120 zuwa 140, sai bayan kwanon ya ɗumama in kai shi inda girkin yake bukata.

Ba a nan kaɗai sanyi ke shigowa ba. Ɗan guntun nama mai ƙanƙara a tsakiyar faffaɗan faranti yana riƙe wurin da yake da sanyi alhali gefunan da ba kowa a kansu suna ta ɗaukar zafi, saboda haka ya fi kyau abinci ya rufe mafi yawan fuskar kwanon, wajen kashi biyu cikin uku, a kuma zaɓi kwano daidai da yawan abin da za a gasa. Haka nan idan romo ya ƙafe ana tsakiyar gashi, ruwan da za a ƙara ya zama mai zafi, a zuba shi a hankali a kan abincin, ba a kan tsirarar tangaran ba. Kwano mai gefuna kuma ba a barinsa ya yi ta zafi babu komai a ciki, sai fa idan wanda ya ƙera shi ya rubuta cewa yana ɗaukar haka.

Laima ma tana da nata hannu a ciki. Gindin yawancin kwanukan nan ba a shafe shi da gilashin ƙyalli ba, wasu ma duk jikinsu haka yake, kuma idan aka jiƙa su na dogon lokaci sukan sha ɗan ruwa. Ruwa idan ya zama tururi girmansa yana ninkuwa fiye da sau 1,600, kuma idan yana cikin jikin yumɓun ne dole ya nemi mafita da ƙarfi. Don haka kwanon da aka wanke yanzu ba ya shiga obin sai ya bushe sarai, ba gogewa da tsumma kaɗai ba. Wasu suna zargin tururin da gas ke fitarwa, kuma gaskiya ne cewa kilo ɗaya na furofen idan ya ƙone yana samar da kusan kilo 1.6 na tururin ruwa, wanda shi ne ke sa gilashin ƙofar obin ya yi raɓa a farkon kunnawa. Wannan tururin yana iya jinkirta jan bayan burodi, amma ba shi ke fasa kwano ba.

Game da kwanukan da magina ke yi da hannu, akwai wani abu da ya cancanci a sani. A cikin yumɓun da aka gasa da zafi mai yawa, wani ɓangare na sinadarin silika yakan rikiɗe ya zama kiristobalait, shi kuwa wannan yana sauya girma farat ɗaya a tsakanin digiri 200 zuwa 270, wato daidai zafin da muke gashi da shi. Maginin da ya san aikinsa yana haɗa yumɓunsa yadda wannan sinadari ba zai yi yawa ba, amma ido ba ya iya gane haka daga kallon kwano. Abin yi shi ne a tambayi maginin ko don obin ya yi kwanon, idan ba a samu amsa ba a riƙa fara shi da sanyi, a kuma tsaya ƙasa da digiri 200.

Yanzu ga inda maganar ta tashi daga asarar kwano ta koma ta lafiyar mutane, kuma shi ne sashen da ya fi damuna. Saboda ƙananan obin na gas suna ƙona gindin burodi, an saba da wata dabara ta sa faifan dutsen gashi ko tayil marar ƙyalli a ƙasa don ya sha zafin ya rarraba shi. Dabarar tana aiki, musamman idan faifan na kodiyarait ne, wani irin yumɓu da ba ya buɗewa sosai da zafi, wanda magina ma da shi suke yin allunan tanderunsu. Amma ramukan nan da ke gefen farantin ƙasa ba ado ba ne. Ta nan zafi da hayaƙin ƙonewa ke fita daga wurin wuta, fitarsu kuma ita ke jawo sabuwar iska ta shigo daga ƙasa. Furofen yana bukatar iska mai yawa kafin ya ƙone sarai, kowane awo ɗaya nasa sai da awo biyar na oksijin. Idan faifai ko takardar alminiyam ta toshe ramukan, wutar ba ta samun isasshiyar iska, sai ta fara fitar da kabon monoksaid, gubar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ke kama jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Faifan da za a sa dole ya zama ƙarami yadda kowane rami zai kasance a buɗe, kuma ni na fi son a ɗora shi a kan ragar ƙasa maimakon farantin kansa, a sa shi tun obin yana da sanyi su yi zafi tare. Haka kuma kafar da hayaƙi ke fita ta bayan obin ko ta samansa, kada a jingina mata faranti ko a rufe ta da tsumma.

Launin wuta shi ke ba da labari. Wuta mai lafiya shuɗiya ce, tana tsaye daram a kan hujin bututun, ƙila da ɗan rawaya a can bakin harshenta. Idan ta zama rawaya, doguwa, tana lilo, ko aka fara ganin baƙin hayaƙi a gindin kwano da rufin obin, to ƙonewar ba ta cika ba, kuma tangaran mai farin gindi yakan riga mutum ganewa. Wani lokaci datti ne ya toshe huji, wani lokaci kuma obin ɗin ne aka yi shi don gas na bututu, wato wanda ake jawowa cikin gidaje ta bututu, aka haɗa shi da tukunyar furofen ba tare da sauya bakin fitar gas ba. Furofen ya ninka gas na bututu ƙarfi kusan sau biyu da rabi a awo ɗaya, don haka yana bukatar baki mai ƙaramin huji da matsin da ya dace da shi, kuma wannan aikin ƙwararre ne. Ciwon kai, jiri ko tashin zuciya ana cikin gashi alama ce ta a kashe gas a fita waje nan take. Taga a buɗe da na'urar gano kabon monoksaid a kusa da ɗakin girki sun fi kowane kwano muhimmanci, kuma ba a ɗumama ɗaki da obin.

Shi kansa gas ɗin ba shi da wari, da gangan ake zuba masa sinadari mai ɗoyi don hanci ya kama shi idan yana zuba. Ya fi iska nauyi da kusan sau ɗaya da rabi, saboda haka ƙasa yake kwanciya, ya taru a gindin obin da lungunan ɗaki, kuma idan ya kai kashi 2 zuwa kusan 10 cikin ɗari na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. A obin da ake kunnawa da hannu, ashana ake fara ƙyastawa kafin a buɗe gas, idan bai kama ba a rufe, a bar ƙofa a buɗe na wasu mintuna kafin a sake gwadawa. Tiyo da mahaɗansa kuwa da ruwan sabulu ake gwada su, inda kumfa ta taso nan ne gas ke fita.

Lambobin da ke jikin makunnin obin ba abin dogaro ba ne sosai. A tsarin da ake amfani da shi a Ingila, lamba 4 tana daidai da wajen digiri 180, lamba 6 wajen 200, lamba 8 kuma wajen 230, amma ƙananan obin sukan kauce wa haka da tazara mai yawa. Ɗan ma'aunin zafi da ake ratayawa a raga, kusa da inda kwano zai zauna, shi ke faɗin gaskiya, kuma gara a ba obin minti 15 zuwa 20 ya daidaita kafin a yarda da abin da ya nuna.

Kafin kowane gashi yana da kyau a duba kwanon a wurin haske, a ɗaga shi a kan yatsu a ƙwanƙwasa bakinsa da cokalin katako. Lafiyayyen tangaran yana amsawa da ƙara mai tsayi, mai ɓoyayyar tsaga kuwa ƙararsa a dushe take, gajera. Wanda tsaga ta ratsa jikinsa ya gama aikin obin, domin rana ɗaya zai rabu ne cike da mai mai zafi a saman wuta. Ƙananan zane-zanen da ke sarƙewa a fuskar ƙyalli ba su kai haka haɗari ba, amma suna barin ruwa da maiƙo su shiga jikin yumɓun. Tsofaffin kwanuka da na ado waɗanda ba a san asalinsu ba, musamman masu launi mai haske, ƙyallinsu yana iya ƙunsar dalma ko kadmiyam, ƙarafa masu guba, zafi da abinci mai tsami kuma suna taimaka musu su fita su shiga abinci, don haka abin da ba a rubuta cewa na abinci ne ba gara ya tsaya a kan kanta.

Kwanuka da yawa ba a cikin obin suke fashewa ba, a hanyar fitowa ne. Tangaran da ya kai digiri 200 idan aka dire shi a kan dutse mai sanyi, ko teburin ƙarfe, ko wuri mai laima, gindinsa yana tsukewa nan take sauran jikin bai shirya ba. Tun kafin a buɗe ƙofa ya kamata a tanadi katako ko busasshen tsumma mai kauri da aka ninka, a kuma ɗauko kwanon da hannu biyu da busasshen abin riƙo, domin jiƙaƙƙen tsumma yana isar da zafi hannu cikin ƙiftawar ido. Ba a kai shi wurin wanke-wanke sai hannu ya iya riƙe shi ba tare da tsumma ba.

Idan kuma duk da wannan aka ji ƙarar tsagewa daga cikin obin, abu na farko shi ne a kashe wuta, a rufe gas daga tukunya, a bar ƙofa a rufe idan mai ya zubo ya kama, domin buɗe ta iska ce ake ba wutar, ruwa kuma ba ya kashe wutar mai sai dai ya watsa ta. Abincin da kwano ya fashe a ƙarƙashinsa ba a cin sa, ko da ya yi kyau a ido, saboda ƙananan ɓarɓashin tangaran suna da kaifi kuma ba a ganinsu. Bayan komai ya huce sai a ciro raga, a ɗaga farantin ƙasa idan yana ɗaguwa, a kwashe gutsattsarin, a goge maiƙon da ya gangara, a duba hujin bututun ɗaya bayan ɗaya. A karo na gaba da za a kunna obin, a yi shi babu komai a ciki, a tsaya a ga wutar ta kama daga farkon bututun har ƙarshensa kuma shuɗiya ce, sannan a mayar da raga.